Kaset ɗin Dolly Parton da na tsinta a akwatin Baba

Ummin Tudun Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri in ɗan faro daga baya.

Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Da Hajiya ta fita takaba sai ta ce mu buɗe ɗakinsa mu fito da kaya, a raba na rabawa, a fitar da na sadaka. A ƙarƙashin gado muka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe. A ciki akwai takardunsa na kwalejin horon malamai, da hotuna, da kaset sun kai hamsin. Yawancinsu abin da kowa zai yi zato ne: tafsiri, ƙira'a, Shata, Ɗan Maraya, Ɗanƙwairo. Amma can ƙasa akwai guda bakwai da aka ɗaure daban da robar taya. Uku na Don Williams, huɗu na wata Baturiya wai ita Dolly Parton.

Hoton jikin kwalin ne ya ɗaure mini kai. Mace ce ta tara farin gashi tsiri guda kamar an kifa mata ƙwarya, ga jan-baki, ga kaya sai ƙyalli suke. Baban da na sani kuwa, in aka kunna talabijin aka nuno mace ba ɗankwali, tashi yake ya bar mana falon. Shekara 32 ya yi yana koyar da lissafi a Zariya, ban taɓa jin ya rera ko baiti ɗaya na wata waƙa ba. Amma a bayan ɗaya daga cikin kwalayen ya rubuta da jan bironsa na makin jarrabawa: "Gefe na biyu, waƙa ta uku." Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Kwalin ba shi da jerin sunayen waƙoƙi, rubutun Baba kaɗai ne.

Na tambayi Hajiya, sai ta yi murmushi ta ce a tsohuwar Fijo 504 ɗinsa, daga Zariya har Jos ba a cire kaset ɗin nan. Ta ce ita ba ta jin Turanci, amma muryar ko cikin barci ta ji za ta gane. Daga nan ta ja bakinta ta tsuke.

To wace ce matar nan? Tana raye? Me take faɗa da har malamin lissafi zai ajiye ta kusa da kaset ɗin tafsiri? Na san zan iya dubawa a waya, amma na fi son in ji daga bakin wanda ya yi zamanin.

Malam Na-Gwale ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta masa, Ya kai haske kabarinsa. Ƙanwata, shawarata ita ce ki bar abin da Baba ya ɗaure a ɗaure. Kowa da ƙuruciyarsa, kuma tun da ya tura su ƙarƙashin gado, wataƙila ya daɗe da rabuwa da su. Maganar kiɗa kin san abin da malamai suka faɗa a kai, ba sai na maimaita ba. Kaset ɗin tafsirin ki sa a juye su a waya a raba wa mutane, ladan ya kai masa. Wannan shi ne abin da yake buƙata yanzu.

Tsohon Mai Kaset ya rubuta:

'Yata, Allah Ya sa can ta fi masa nan, Ya ba Hajiya haƙurin rashi. Jikana ne ya nuna mini tambayarki, ya ce tsoho ga irin taka ta samu. Shi yake bugawa ni ina faɗa, saboda haka duk kuskuren da kika gani nasa ne. Malam Na-Gwale ya yi gaskiya a kan addu'a da sadaka, ki yi su. Amma tambaya kika yi, kuma ba ta hana addu'a.

Shekara 19 na yi ina sayar da kaset a Sabon Gari ta Kano, daga 1979 har faifan sidi ya zo ya kore mu. Abin da kika gani a akwatin nan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Masu sayen irin wannan kiɗa ba 'yan disko ba ne. 'Yan disko Michael Jackson suke nema, su zo da hayaniya su tafi da hayaniya. Masu sayen Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly kuwa malaman makaranta ne, da ma'aikatan banki, da nas-nas, da sojoji, da direbobin dogon zango. Mutum zai zo da kaftaninsa da zanna, ya yi sallama a natse, ya ce a ba shi na kwantar da hankali. Turancin a fili yake fita, kalma bayan kalma, wanda ya yi sakandare zai bi zancen daga farko har ƙarshe. Kuma zancen namu ne: gona, uwa, bashi, mutuwa, tsoron Allah, ɗan ƙauyen da ya tafi birni ya kasa gane kansa. Su can kantiri suke ce masa, wato kiɗan mutanen karkara.

Matar tana nan da ranta. An haife ta ranar 19 ga Janairu, 1946, a gundumar Sevier ta jihar Tennessee a Amurka, cikin duwatsun da ake kira Smoky, a wata bukkar katako mai ɗaki ɗaya. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, uwa ɗaya uba ɗaya. Uban, Robert Lee Parton, da farko gonar wani yake nomawa a raba amfani, daga baya ya samu 'yar gonar kansa yana shuka taba, yana haɗawa da leburancin gini. Bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba. Likitan da ya karɓi haihuwarta da buhun garin masara aka sallame shi, don babu ko sisi a gidan. Duk wanda ya ce mini kowane Bature a kan kuɗi aka haife shi, buhun garin nan nake tuna masa.

Waƙa ta wajen uwa ta gado ta. Uwar, Avie Lee, 'yar mai wa'azin coci ce, kuma danginta, zuriyar Owens, kusan kowa yana taɓa kiɗa. A cocin kakan nata ta fara buɗe murya. Wani kawunta ne ya ba ta jita ta gaske tana shekara takwas, kawunta Bill Owens kuma shi ne ya riƙa kai ta birnin Knoxville, inda tana shekara goma aka fara jin ta a shirin rediyo da talabijin na wani ɗan kasuwa mai suna Cas Walker. Tana shekara 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry a Nashville, babban birnin jihar, wanda a wurin mawaƙan kantiri shi ne fada, kuma shahararren mawaƙin kantiri Johnny Cash ne ya gabatar da ita. Ta gama sakandare a 1964, washegari ta hau bas sai Nashville.

Ranar da ta sauka, a ƙofar wani shagon wanki, ta haɗu da wani saurayi, Carl Dean, wanda sana'arsa zuba kwalta ce. Suka yi aure ranar 30 ga Mayu, 1966, a garin Ringgold na jihar Georgia, kusan a ɓoye, saboda kamfanin da ke buga mata faifai yana ganin aure zai rage mata kasuwa. Mutumin nan ya yi kusan shekara 59 tare da ita, ba ya hira da 'yan jarida, ba ya bin ta wurin biki, har wasu suka riƙa raɗe-raɗin cewa babu shi, ƙirƙiro shi ta yi. Ya mutu ranar 3 ga Maris, 2025, yana da shekara 82. Don haka in hoton kwalin ya sa kin ƙiyasta mata wata irin rayuwa, to miji ɗaya ta yi.

Wanda ya fito da ita sarari wani mawaƙi ne, Porter Wagoner, mai shirin talabijin da ake kallo a faɗin Amurka. A 1967 ya ɗauko ta ta maye gurbin wata mawaƙiya, Norma Jean. Farkon zuwanta 'yan kallo ba su so ta ba, tana waƙa suna kiran sunan waccan. Porter ya tsaya mata, ya kai ta kamfanin buga faifai na RCA, suka yi ta yin waƙoƙin haɗin gwiwa ana saye. Amma kin san halin ubangida: yana son yaronsa ya yi girma, amma kada ya wuce kafaɗarsa. Ita kuma tana rubuta waƙoƙinta da kanta, nata sun fara shafe nasa. Shekara bakwai suna tare, kullum rigima. Da ta ga ya ƙi sauraren maganar tafiya, sai ta koma gida ta rubuta masa waƙar bankwana, ta zo ofis ta rera masa. Ita ce "I Will Always Love You", wadda ku yaran yanzu kuke zaton ta masoya ce, alhali ta yaro da ubangida ce. Ta bar shi a 1974. A 1979 ya maka ta a kotu yana neman dala miliyan 3, aka sasanta a waje a kan kimanin miliyan ɗaya. Duk da haka sun shirya daga baya, kuma da ya kwanta ciwon ajali a 2007 tana cikin waɗanda suka je bakin gadonsa.

Bari in tsaya nan, an kira la'asar. Akwai sauran magana, kuma ita ce ma na fi son in faɗa.

Tsohon Mai Kaset ya ƙara da cewa:

To na dawo, na kuma kamo jikan nawa kafin ya sulale ƙwallo.

Waƙar bankwanar nan tana fita ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. Sai labari ya zo mata cewa Elvis Presley yana son ya rera ta. Ki gane, a lokacin babu mawaƙin da ya kai Elvis a Amurka. Marubucin waƙa in aka ce Elvis zai ɗauki waƙarsa, kamar a ce wa maroƙin ƙauye Sarki ya aiko ya zo ya yi wasa a hawan Daushe ne. Ta yi murna, ta gaya wa kowa. Ana dab da shiga ɗaukar murya sai manajan Elvis, wanda ake kira Kanal Tom Parker, ya kira ta ya ce ai ta san ƙa'idarsu: Elvis ba ya rera waƙar kowa sai an sallama masa rabin haƙƙin mallakarta. Ta ce a'a. Ita da kanta ta sha faɗa cewa kwana ta yi tana kuka, amma ba ta janye ba. Mutane suka ce ta haukace.

Abin da ya ba ta ƙarfin cewa a'a shi ne, tun tana 'yar shekara ashirin ita da kawun nan nata Bill suka kafa ɗan kamfaninsu na riƙe haƙƙin waƙoƙi, suka haɗa sunayen gidajensu biyu suka kira shi Owe-Par. Wato tun kafin ta yi suna ta gane cewa murya tana tsufa, dandali yana watsewa, amma takardar da ta ce waƙar nan taki ce ba ta tsufa. Mai tallar nono da ta san ciwon kanta nono take kaiwa kasuwa, saniya tana gida.

A 1982 ta sake rera waƙar, ta sake hawa na ɗaya. A 1992 Whitney Houston ta ɗauke ta a fim ɗin "The Bodyguard", ta yi mako 14 a saman jerin waƙoƙin Amurka baki ɗaya. Duk rediyon da ya sa ta, duk faifan da aka saya, kason marubuci da na mai mallaka Dolly yake nufa, ba rabi ba. Ta ce wani ɓangare na kuɗin ta sayi ginin ofisoshi da shi a wata unguwar baƙaƙen fata a Nashville, don tunawa da wadda ta jawo mata shi.

Nan ne fa nake jin kunya, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kaset ɗin mahaifinki da ba shi da jerin sunaye, irin namu ne. Mukan sayi na asali guda ɗaya, mu haɗa rikoda biyu a bayan shago, mu tsinto masu daɗi daga nan da can mu juye a kan kaset fanko. Na juye muryar matar nan ya fi a ƙirga, ko kwabo bai kai Tennessee ba. Ita dai ba ta ji a jikinta ba. Waɗanda nake tunawa in kasa barci su ne namu na gida, irin su Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ita ma mata take yi wa waƙa tana zuga su su kama sana'a. Mu a lokacin a ganinmu abin mawaƙi shi ne liƙin da aka yi masa a wurin biki, kaset kuwa na wanda ya juye ne. Allah Ya yafe mana.

Batun "gefe na biyu, waƙa ta uku" kuwa, ba zan iya rantsuwa ba tunda kowane shago da irin jerinsa. Amma zan iya sa hulata a kan cewa "Coat of Many Colors" ce, ta 1971. Ita malaman makaranta suka fi tambaya. Labarin kanta ne: an ba uwarta tsummokara, ta harhaɗa ta ɗinka mata kwat, tana ɗinki tana ba ta labarin rigar Annabi Yusuf yadda yake a littafinsu, yarinya ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya. A cikin motar yawon wasa ta rubuta ta, a bayan rasiɗin wankin kayan Porter, don ba ta samu takarda ba. Duk wanda ya taɓa zuwa firamare da rigar buhun fulawa ya san inda waƙar nan take taɓawa, kuma tsaran mahaifinki da yawa sun je.

Shigar tata kuwa ba zan kare ta ba, ni ma kwalin nakan juya shi in Alhazai sun shigo shago. Gashin na kanti ne, ita ma ba ta ɓoyewa. Ta ce wata mata ce a garinsu da ake zagi da rashin kamun kai ta gani tun tana yarinya, ita kuma a idonta ba ta taɓa ganin mai kyau kamarta ba, sai ta kwaikwayi kwalliyarta. Kakanta mai wa'azi ya yi faɗa har ya gaji. Amma mazan Nashville da suka ga kwalliyar suka ɗauka babu komai a kan, a teburin ciniki suka gane kurensu. Waƙoƙin da ta rubuta sun haura 3,000.

Maman Hanif ta rubuta:

Ummi, Allah Ya jiƙan Baba. Baba Mai Kaset, Allah Ya ƙara lafiya, ka ba mu tarihi. Bari in ɗora daga inda nake zaune, don shekararmu shida a Knoxville, maigidan yana aiki a jami'a, kuma daga nan zuwa garin su Dolly bai fi tafiyar awa ɗaya ba.

Ni ban san ta da waƙa ba, da littafi na san ta. Bayan na haifi Hanif aka ba ni wata takarda na cike, ban ma ɗauke ta da muhimmanci ba. Sai ga littafin yara ya zo ta gidan waya, da sunansa a jiki, ba sunana ba, ba na babansa ba. Wata na zagayowa sai ga wani. Haka ake yi wa yaro daga haihuwa har ya cika shekara biyar, kyauta, ba a tambayar addininka ko abin da kake samu. Yaron nan tun bai iya magana sosai ba yake gane motar mai kawo wasiƙa. Shirin sunansa Imagination Library, ta fara shi a 1995 a gundumarsu kaɗai, saboda mahaifin nan nata da Baba Mai Kaset ya ce bai iya karatu ba. Ya rayu ya ga farkon abin kafin ya mutu a 2000. Yanzu ana yi a Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Ayilan. A 2018 suka cika littafi miliyan 100, a 2023 miliyan 200. Gaskiyar magana ba duka daga aljihunta ba ne: gidauniyarta ke tsara abin, amma ƙungiyoyin gari da gwamnatocin jihohi ke biyan kuɗin littafi da na aikawa. Dabarar da sunan da ke jawo su ne nata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta taɓa haihuwa ba. Mu mun san abin da ake faɗa wa macen da ta shekara biyar a ɗaki ba ɓari, balle hamsin. Ita da mijinta sun riƙe wasu daga cikin ƙannenta, kuma in an tambaye ta takan ce a ganinta Allah bai ba ta nata ba ne don yaran kowa su zama nata.

A 1986 ta shiga hannun jari a wani wurin shaƙatawa a garin Pigeon Forge aka mai da shi Dollywood. Mun kai yara sau biyu. Tikitin da tsada, kada a ruɗe ki, kasuwanci ne sosai. Amma shi ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata a gundumar, kuma a ciki an gina kwatankwacin gidan katakon da ta tashi a ciki, ki leƙa ki yi ta lissafin inda mutum goma sha huɗu suke kwana. Da gobarar daji ta ci yankin Gatlinburg a ƙarshen 2016, mutum 14 suka mutu, ta kafa asusu ana ba duk iyalin da gidansu ya ƙone dala 1,000 kowane wata na tsawon wata shida. A 2020 ta ba cibiyar lafiya ta jami'ar Vanderbilt dala miliyan ɗaya, kuma wani kaso ya shiga binciken allurar korona ta Moderna.

Ba kowa ke yabonta ba, kada in yi miki rabin zance. Tana da wani gidan cin abinci da wasan dawaki da aka gina a kan yaƙin basasar Amurka, Kudu da Arewa, kamar abin nishaɗi, kuma baƙaƙen fata da dama ba su ji daɗinsa ba, don yaƙin a kan bauta aka yi shi. Sai a 2018 aka cire kalmar "Dixie", laƙabin jihohin Kudu, daga sunan wurin. Kuma ba ta yarda ta faɗi jam'iyyar da take so, wasu su ce dattako ne, wasu su ce wayon 'yar kasuwa ne da ba ta son rasa ko mai saye ɗaya. Ni ina ganin duka biyun ne. Amma a 2021 da 'yan majalisar jihar suka so kafa mata gunki a harabar majalisa, ita ta ce su bari.

Sadik Studiyo ya rubuta:

Baba Mai Kaset, ranka ya daɗe, maganar saniya da nono ta shige ni, don aikina ke nan, ina haɗa kiɗa a Kano. Har gobe yarinya za ta zo ta rubuta waƙa, ta rera, a ba ta kuɗin mota da ɗan abin da ba a rasa ba, shi ke nan. Waƙar ta shiga fim, ta hau YouTube a shafin wani, ta yi shekaru tana kawo kuɗi, mai ita ko takarda ɗaya ba ta da ita. Ni kaina an yi mini: na yi wa wani kamfani kiɗa shida a kan alkawarin baki, yau ko sunana babu a jiki. In ka ce a rubuta yarjejeniya sai a ce ba ka yarda da mutane ba.

Amma Baba ka tsallake wani wuri. Daga 1977 ta karkata zuwa kiɗan zamani don ta kama kasuwar birni, kuma 'yan gargajiyar Nashville sun ce ta sayar da gida. A 1980 ta fito a fim ɗin "9 to 5" tare da Jane Fonda da Lily Tomlin, a kan matan ofis da mugun shugabansu. Abin da ke burge mu masu studiyo shi ne, sautin waƙar fim ɗin da faratanta na roba ta samo shi, tana goga su da juna suna ƙara kamar tafireta. Da tashoshin kantiri suka daina sa ta don wai ta tsufa, sai a 1999 ta koma kiɗan duwatsunsu na asali, mai banjo da goge, ta ci kyautar Grammy da shi. Banjon nan ma fa asalinsa namu ne na Afirka ta Yamma, bayi ne suka ƙera shi can bisa irin kayan kiɗan da suka baro, dangin gurmi da molo. Wataƙila shi ya sa kunnen iyayenmu bai ɗauke shi baƙo ba.

Ummin Tudun Wada ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Malam Na-Gwale, na tafsirin an kai a juye, in sha Allahu ranar Juma'a za mu fara rabawa.

Baba Mai Kaset, sai dai ka aiko da hular. Kwana uku na yi ina neman rikoda, a ƙarshe wajen wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari na samo aro. Zaren kaset ɗin ya saki, sai da yayana ya zura biro ya naɗe shi yadda Baba yake yi. Muka juya gefe na biyu a tsakar gida bayan isha'i, Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi kamar ba ta san me muke yi ba. Ta farko ta wuce, ta biyu ita ce ta kwat ɗin da ka faɗa, har na ce to Baba kuskuren ƙirga ya yi. Yayana ya ce malamin lissafi ba ya ɓata ƙirgen uku.

Ta ukun muryar namiji ce ta fara, sannan ta Dolly ta shigo. Na sa waya ta gano mini ita: "Islands in the Stream", ita da Kenny Rogers, ta 1983. Waƙar soyayya ce tsantsa, babu gona babu talauci a ciki. Su Baba kuma a 1984 aka ɗaura musu aure.

Ban ce komai ba, na dai juya na kalli Hajiya. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane dariya take ko kuka. Can ta ce, "Ke Ummi, kashe abin nan, ba ki da kunya." Na kai hannu zan danna, sai ta ce in bari ta ƙare tukuna.

Rikodar ta mai gyara ce, gobe zan mayar. Ko akwai wanda ya san inda ake sayar da mai kyau a Zariya ko Kaduna? Hajiya ta ce a bar kaset bakwai ɗin nan a ɗakinta, kada a sa su cikin rabo.